Mutuwar Kaka ta Biyu

Ranar da kakana ya rasu babu wanda ya yarda. Zuwa kam an zo, har ƙofar gidanmu ta kasa ɗaukar jama'a, amma kowa ya shigo da fuskar wanda ya san wani abu a ƙasa. Matar maƙeri ta faɗo tsakar gida tana birgima tana salati, da ta mirgino kusa da ni sai ta buɗe ido ɗaya, ta ce a hankali, "Ya isa haka, ko in ƙara?" Wani dattijo daga garin masu albasa ya riƙe hannun babana ya yi masa gaisuwa mai tsawo, sannan ya sunkuya ya tambaye shi ko tsohon ya karya kumallo kafin ya kwanta, kada yunwa ta tashe shi da wuri. Wata ma ƙwaryar fura ta ɓoyo a cikin zane, wai a ajiye masa in ya gama.

Babana ya rantse, ya sake rantsewa, idonsa jawur. Mutane suka jinjina kai suka ce lallai ɗan ya fi uban iya abin.

Ni ce babbar jikarsa, kuma kururuwata ce ta tara su. Ban ga laifinsu ba ko kaɗan, don wannan ne karo na biyu da suka ji muryata tana shelar mutuwar mutum ɗaya. Yaran da ke tasowa yanzu sun san shingen aguwar da ya zagaye ƙauyukanmu na bayan tafkin Gidimuni, suna kora awaki ta gefensa, amma ba su san wanda ya kwanta ya mutu don a dasa shi ba. Wannan ne ya dame ni, shi ya sa zan faɗa.

Kaka ɗan gajere ne mai ƙaton rawani. In ka hango shi daga nesa, rawanin za ka fara gani yana tafe cikin gero. Takalmansa a wuya yake rataye su don kada su ƙare, sai ya iso bakin gari ya sa. Bai taɓa cewa a'a ba a rayuwarsa, bai kuma taɓa ba da abin da aka roƙa ba. Ka ce ya ara maka gatari, ka ce ya ba ka ɗan akuya, ka ce ya sayar maka da rawanin, amsar ɗaya ce: "In na mutu ka ɗauka." Amma aljihunsa kullum cike yake da dabino, kuma babu yaron da ya taɓa gaishe shi ya tafi hannu wofi. In an yi masa magana sai ya ce waɗannan masu tsutsa ne, yana neman wanda zai raba shi da su.

Ni da shi wasan jika da kaka muke, kuma mun kai shi inda ba kowa ke kaiwa ba. Uwargida yake ce mini. Da na yi aure a cikin garin ban fasa kai masa koko da safe ba, gaisuwarmu kuwa ba ta canzawa. In tsaya a ƙofar turakarsa in ce, "Tsoho, ba ka mutu ba?" Shi kuma ya ce, "Sai na ga bayanki, Uwargida. Me kika kawo?"

Babbar sana'arsa bayan noma ita ce zuwa jana'iza. Ko a wane ƙauye aka yi rashi, da rana ko da ruwan sama, Kaka zai rataya takalma ya kama hanya. Mutane suna cewa gumbar sadaka yake bi, kuma ba zan ce sun yi ƙarya gaba ɗaya ba. Amma ya san wanda ya haƙa kabarin uban wane, ya san matan wane gari ke zuwa yi wa wane gari daka ranar sadaka. Iya, matarsa, takan ce da ya san gonarsa yadda ya san maƙabartun mutane da tuni mun yi arziki.

Mutum ɗaya ne ba sa haɗa hanya ba faɗa: taubashinsa, bulama, wato mai garin Tudun Gawo, ƙauye na ƙarshe kafin ka shiga rairayi. Kowa bawansa yake kiran ɗan'uwansa, wannan ba komai ba ne tsakanin taubasai. Abin da ya fi wasa shi ne wata bishiyar dabino da kakarsu ta bari a bakin tafki. Kowanne ya rantse shi ta nuna da sanda kafin ta cika. Sun kai maganar gaban liman, sun kai ta gaban dattawa, har dattawan suka mutu suka bar su. Duk shekara in dabinon ya nuna sai su je su zauna a gindinsa suna tsaron juna, tsuntsaye kuma suna ci a sama.

To, ga abin da ya hana Kaka barci. Kowane gari a ƙasar Damagaram yana da ƙofarsa, wato wani babba a Birni wanda ta bakinsa kuke magana da Sarki. Garuruwa manya irin su Gouna ƙofarsu ɗaya, in sun yi tari an ji. Mu kuwa an yayyanka mu an raba wa manya uku, kamar naman suna. Garinmu kansa gida biyu aka yi shi: gabas da rijiya na wannan, yamma da rijiya na wancan, rijiyar kuma ta na ukun. Turakar Kaka tana ƙarƙashin ƙofa ɗaya, rumbunsa yana ƙarƙashin wata. A shekarun da ake ginin ganuwar Birni, in aka ce a kawo mutane aikin ƙasa, barorin manyan nan uku duka sai su zo, kowa ya kwashi nasa, har a kira mutum ɗaya sau biyu a tsakiyar damina. In kuwa rijiya ta rufta, ko shanu suka shiga gona, ka je wajen kowanne sai ya ce ku 'yan kaɗan ne a wurinsa, ku gwada ɗayan. Akwai shekarar da ciyawa ta cinye gonakin gabas da rijiya saboda duk mazan suna can suna kwaɓa ƙasa, na ga mata suna tona gidan tururuwa suna neman hatsi. Wannan ban taɓa iya yin dariyarsa ba.

Kaka ya ce sai an haɗa mu wuri ɗaya, ƙofa ɗaya, da mutum daga cikinmu wanda zai zauna a fada ya buɗe baki. Ya yi ta sintiri Birni, takalma a wuya, yana zama a ƙofar duk wanda zai saurare shi, har masu tsaron zaure suka san shi suna tambayarsa dabino. Ban san ko hujjarsa ce ta ci ba ko gajiya aka yi da ganin rawanin, amma a ƙarshe Sarki ya turo jakada ya zo ya duba, in mu ƙasa ɗaya ce a sake yanka iyaka.

Jakadan dattijo ne mai haƙuri. Ya tara bulamomi a ƙarƙashin tsamiyar garinmu, ya yi musu tambaya ɗaya: ƙasar taku daga ina ta fara, ina ta ƙare? Nan fa aka ji kunya. Wannan ya ce daga kukar aljanu, wancan ya ce ai kukar ta faɗi tun yana yaro. Wani ya ce bakin tafki, aka tuna masa bakin tafki na damina daban, na rani daban. Kafin a daɗe an bar maganar iyaka an koma ta wa zai yi shugaba. Taubashin Kaka ya miƙe ya karkaɗe riga ya ce shi dai garinsa ba ya cikin duk abin da bawansa yake ciki. Jakada ya ce bai ga ƙasa ɗaya a nan ba, garuruwa ya gani masu maƙwabtaka, kuma gobe da hantsi zai koma ya faɗi haka.

Da la'asar Kaka ya aika a kira ni. Na same shi da Iya, ita tana kaɗi, shi yana zaune a kan buzunsa. Ya ce, "Uwargida, kullum kina tambayata ko na mutu. To gobe da safe zan mutu miki. Ki fita ƙofar gida ki faɗa wa duniya."

Ni aka sani da murya a bayan tafki, duk bikin da ba ni na yi guɗa ba ana cewa bai yi armashi ba. Ya ce in liman ya tashi kama mai laifi, jika ce, wasa take da kakanta, wa zai hukunta jika? Na ce a gaya wa babana. Ya ce ko kusa, ɗan nan nasa bai iya ƙarya ba tun yana ƙarami, gara a bar shi ya yi kukansa na gaske. Iya ba ta ɗaga kai daga mazari ba. Cewa ta yi ita ba za ta ɓata hawayenta ba, amma in liman ya zo da ruwan wanka za ta san yadda za ta tsare shi.

Lokacin noman farko ne, lokacin da mutum ba ya barin gona ko an ce gidansa na ci da wuta sai ya tambayi wane ɗaki. Da gari ya waye Kaka ya sha kokonsa tas, ya kwanta ya ja zane har ka. Na fita na ɗora hannu a ka na saki murya. Kafin hantsi hanyoyin da ke zagaye da tafki sun yi baƙi da mutane. Hauyoyi a yashe a gonaki, maza da ƙasa a ƙafa, mata da turame a ka. Maƙera sun zo da magina kabari, masu albasa sun zo da itace, 'yan Tudun Gawo sun zo gari guda har da makahonsu. Jakada da aka riga aka ɗaura wa sirdi ya sa aka kwance, ya zauna a zaure. Duk wanda ya shigo gaisuwa sai ya tambaye shi daga wane gari, kuma wa ya aika masa. Kowa ya ce ba a aika ba, ji ya yi, ya kuwa za a yi a binne wannan ba shi?

Iya ta tsare liman da cewa likkafanin bai gama ɗinkuwa ba, sannan ta ce an ga ɓera ya taɓa shi sai an sake. Babana yana gefe yana kuka kamar ransa zai fita, ni ina satar kallonsa ina jin tausayi, ina kuma ƙara murya. Komai yana tafiya daidai. Shirin Kaka shi ne ya kwanta har jakada ya hau doki, sannan ya yi atishawa a ce dogon suma ne.

Taubashinsa ne ya ɓata. Ya iso a ƙarshe, yana jan ƙafa, kuma na rantse hawayensa na gaske ne. Ya tsaya a zaure, wanda bango ɗaya ne tsakaninsa da turakar, ya ce ya yafe wa marigayi duniya da lahira. Ya share ido. Sai ya ƙara da cewa Allah ya sa dai kwanan baya marigayin ya kira shi gefe ya amsa masa da bakinsa cewa dabinon nan ba nasa ba ne.

Daga cikin turaka muka ji, "Ƙarya kake, bawan banza."

Ban taɓa ganin zaure ya zama fanko da sauri haka ba. Liman ya bar takalmi ɗaya. Wani ya fita ta katanga alhali ƙofa a buɗe take. Kaka ya fito da zane a kafaɗa yana neman taubashinsa, yana cewa ko a kabari yake sai ya fito ya ƙaryata wannan magana. Jakada kaɗai bai motsa ba, dariya ta hana shi tashi. Da ya samu numfashi sai Kaka ya durƙusa gabansa ya ce, "Ranka ya daɗe, ka tambayi iyaka. Duk garin da ya yar da hauya yau, namu ne. Inda aka ci gaba da noma, nan muka ƙare."

Haka aka yi. Jakada ya zagaya da kansa, aka dasa aguwa a bayan kowane garin da ya zo, aka haɗa mu ƙofa ɗaya. Akwai wata 'yar tunga da ba su zo ba, aka bar su a waje, har gobe suna cewa iska ce ta juya musu da muryata. Liman ya sa Kaka ya tuba a gaban jama'a, ya kuma ciyar da duk wanda ya bar gonarsa, abin da aka daka don sadaka aka cinye shi a gaban mamacin. Babana bai yi masa magana ba sai da aka yi girbi. Amma hukuncin da ya fi ci masa rai shi ne na masu zuwa ɗaya bayan ɗaya, wannan ya zo ɗaukar gatari, wancan ɗan akuya. Suka ce ai ka mutu, mun gani da idonmu. Rawanin kaɗai ya tsira, shi ma don ya zauna a kansa.

Da aka ce a fitar da wanda zai zauna a fada, bulamomi suka kasa yarda da junansu, sai suka yarda da wanda kowa ke jin haushinsa daidai, wato Kaka. Tabarmarsa tana can ƙarshe, kusa da inda ake tuɓe takalma, kuma an ce yawanci gyangyaɗi yake. Amma da an ambaci bayan tafki sai ya farka. Shi ya sa aka daina kwasar mutanenmu aikin ganuwa sai bayan an gama noma. Akwai wata gwauruwa a Tudun Gawo mai ɗa ɗaya, da aka kira ɗan, Kaka ya je ya yi kwaɓar ƙasar a madadinsa da tsufansa, ya dawo yana ɗingishi. Ya ce wa kowa jaki ne ya harbe shi. Daga bakin matar muka ji gaskiya.

Shekaru suka wuce. Wata shekara manyan nan da aka karɓe mu daga hannunsu suka sake ta da maganar, suka ce da wayo aka haɗa mu, tsoho ɗaya ne ke riƙe da abin, a sake dubawa a mayar wa kowa yankinsa. Aka turo sabon jakada, matashi mai ɗaure fuska, ya sauka a garinmu da damina. Da Kaka ya je gaishe shi sai ya ce, "Baba, na ji labarinka tun a Birni. Ni ba za a yi mini ba." Bulamomi kuwa suka taru gabansa suka yi abin da suka saba, har da zage-zage. Kaka ya dawo gida bai ci tuwo ba. Ya ce mini in aka sake yanka mu, jikokina ne za su tona gidan tururuwa, kuma shi ba shi da wata mutuwar da zai kashe a kai. Tsoro na gani a fuskarsa, ban kuwa taɓa ganinsa ba sai ranar.

Da safe na kai koko. Na tsaya a ƙofar turaka na ce, "Tsoho, ba ka mutu ba?" Shiru. Na sake faɗa, ina dariya. Yana zaune a kan buzunsa, jingine da bango, tasbaha a hannu, rawanin ya ɗan karkace. Ban san lokacin da na fita ƙofar gida ba. Wannan karon ba ni na saki muryar ba, ita ta fito da kanta.

Sauran kun ji shi: birgimar matar maƙeri, furar da aka ɓoyo, masu yi mini ƙifce. Kowa ya ɗauka Kaka ya sake kwanciya saboda jakada, kuma kowa ya ga ya kamata ya taimaka. Sun ma fi na farko yawa, har 'yan tungar nan da aka bari a waje sun zo da gudu, wai kada a sake yi ba su. Iya tana zaune bakin turaka, mazarinta a ƙasa, aka yi ta yaba mata iya riƙe fuska.

Jakada ya zauna a zaure ya harɗe hannu. Ya ce wa jama'a kada su wahal da kansu, ya san ƙarya ce. Dattijon nan na garin masu albasa ya ce, "Ranka ya daɗe, mu ma mun sani." Jakada ya ce kun sani, kuka bar gonakinku ciyawa na ci? Dattijon ya ce to ya za a yi, shi ya kira. Jakadan ya daɗe yana kallon hanyar tafki, mutane suna ta ɓullowa ta cikin gero. Sannan ya ce a ɗaura masa sirdi, shinge yana nan inda yake, zai faɗa a Birni cewa bai ga inda wuƙa za ta shiga ba. Ya ce kuma a gaya wa tsohon ya tashi haka, ya ci.

Aka yi ta murna ƙasa-ƙasa. Taubashinsa, wanda yanzu sai da sanda, ya ce a bar masa, shi ya san maganinsa. Ya ratsa zaure ya tsaya a ƙofar turaka, kusa da ni, ya gyara murya yadda kowa zai ji. Ya ce, "Jama'a ku shaida, marigayi ya amsa mini dabinon nan nawa ne."

Mutane suka ja baya suna dariya, suna ba da hanya. Babu abin da ya fito.

Ya ƙara matsawa ya ce, "Bawana, dabinon nawa ne, ka ji ko? Gobe zan sa a sare shi." Ya dubi Iya. Iya ta dube shi. Sai ya saki sandar. Ya shiga ya durƙusa, ya ɗaga zanen daga fuskar, ya daɗe a haka. Da ya sake magana muryarsa ta yi ƙasa, ni da Iya kaɗai muka ji.

"To na bar maka. Naka ne, kai ta nuna da sandar, ina wurin. Tashi mana."

Muka jira. Wallahi har ni da na rufe masa ido da hannuna, na jira.

Allah ya jiƙanka, tsoho mijina, ya sa wannan kwanciyar ka huta a cikinta.